Salla Da Tsarki Ga Mai Hutun Hunturu A Ƙasashen Ƙanƙara

 

A Bacirawa da sauran ƙauyukan arewacin Kano, in watan Disamba ya kama an riga an yanke dawa, an kai dammuna rumbu, gonaki sun yi fili, sai iska ta sami hanya ta shigo da hazo da jaura. A wannan lokaci ne ake gane masu zuwa masallaci da Asuba na gaskiya, domin ruwan butar da ya kwana a waje yakan zama kamar aska a jiki, sahu kuwa yakan ragu har a ƙirga shi da yatsu. Wannan shi ne iyakar ɗarin da mutumin ƙasar Kano ya sani, a ma'aunin zafi kuwa ba kasafai yake sauka ƙasa da digiri 10 ba.

To, amma zamani ya kai 'ya'yan waɗannan ƙauyuka inda kakanninsu ba su taɓa tsammani ba. A da, sarakuna da 'yan boko ƙalilan ne ke ganin ƙasar Turai. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921, Sarkin Kano Abdullahi Bayero a 1934, Malam Abubakar Imam a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya tafi karatu Landan a 1946. Daga baya ƙofa ta buɗe, musamman tsakanin 2011 da 2015 da gwamnatin Jihar Kano ta tura ɗalibai masu yawa ƙasashen waje, cikinsu har da 'ya'yan manoma. Hutun makarantu da na wuraren aiki a can yakan faɗo ƙarshen Disamba, sai abokai uku ko huɗu su haɗa kuɗi su nufi Sikotlan, ko Norwe, ko Finlan, su kwana biyar ko mako guda, su taka dusar ƙanƙara, su kalli koren hasken nan da ke rawa a sararin sama da dare. Hotuna su iso gida ta waya, iyaye su sha mamaki, su sa albarka. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda aka yi da salloli biyar a cikin waɗannan kwanaki.

Ita kanta tafiyar ba laifi ba ce. Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba halittar Allah, kamar a Suratul Ankabut aya ta 20. Wanda ya gaji da karatu ko aiki ya fita ya huta da halalinsa, ba bashi ya ci ba, bai kuma bar iyayensa cikin yunwa ba, ya yi abin da aka halatta masa. Sai dai hutun makaranta ba hutun salla ba ne, kuma wanda ya tafi bai san hukunce-hukuncen da za su same shi ba, ya yi kamar manomin da ya tafi gona ya bar fartanya a gida.

Agogo ne ke yaudara

Mutane sukan zaci sanyi ne babban abin da ke ɓata wa matafiyi salla a can. Ba haka ba ne. Gajartar yini ce, tare da sabon da ya yi da agogo tun yana yaro.

A Kano yini bai cika canzawa ba. A Disamba yakan kai awa 11 da kusan rabi, a Yuni kuma bai cika awa 13 ba. Sabo da haka mutum ya tashi ya tarar ana Azahar wajen ƙarfe biyu, La'asar ƙarfe huɗu, Magariba bayan ƙarfe shida, har ya ɗauka waɗannan lambobi su ne lokutan. Alhali kuwa shari'a da rana ta ɗaura salla, ba da agogo ba. A Landan, ranar 21 ga Disamba, rana takan fito bayan ƙarfe 8 na safe, ta karkata daga tsakiya wajen ƙarfe 12, La'asar ta shiga wajen 1:40, rana ta faɗi kafin ƙarfe 4. Watau salloli uku cikin awa huɗu. A Oslo, babban birnin Norwe, yinin bai cika awa 6 ba, rana takan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 3.

Ga misali. Saurayi ya fita da abokansa da hantsi kallon gari, ya ce a ransa in biyu ta yi zai yi Azahar kamar yadda ya saba. Kafin biyu ta yi lokacin zaɓi na Azahar ya riga ya fita. In kuwa ya jira ƙarfe huɗu domin La'asar, zai ɗaga kai ya ga an kunna fitilun titi, Azahar da La'asar duka sun zama ramuwa. Malaman Malikiyya sun kasa lokacin kowace salla biyu, muhtari da laruri. Na La'asar muhtari yana ƙarewa in rana ta yi fatsi-fatsi, laruri kuma yana kaiwa faɗuwarta. Wanda ya jinkirta zuwa laruri ba da uzuri ba, sallarsa ta yi, amma ya yi zunubi. Uzurorin kuwa sanannu ne, kamar barci, da mantuwa, da suma, da haila. Ɗaukar hoto da jiran layin abinci ba su cikinsu.

Ko inuwa ma, wadda dattijon Bacirawa yake auna lokaci da ita ba ya kuskure, takan ruɗa baƙo a can. A Kano, tsakar rana a Disamba, inuwar mutum ba ta kai tsawonsa ba. A Landan kuwa a wannan rana, sabo da rana ba ta hawa sama sosai, inuwar tsakar rana takan kusa ninka tsawon mutum huɗu, har ya zaci La'asar ce sakaliya. Ƙa'idar littafi dai ba ta canza ba. Ana duba inuwar da ta rage sa'ad da rana ta tsaya tsaka, sa'an nan a ƙara mata tsawon abin sau ɗaya, nan ne ƙarshen muhtarin Azahar da farkon La'asar. Tun da gajimare yakan rufe rana kwana da kwanaki, abin da ya fi sauƙi shi ne matafiyi ya nemi jadawalin masallacin garin da zai sauka tun kafin ya tashi, ya tsara yawonsa a kansa.

Haka nan alƙibla. Bahaushe ya saba da cewa a fuskanci gabas, har gabas ta zama sunan alƙibla a bakinsa, ko da yake daga Kano ma akwai ɗan karkata wajen arewa. Daga Landan Ka'aba tana kudu maso gabas, daga Mosko kuwa kusan kudu sak take.

Inda rana ba ta fitowa

Akwai garuruwan da masu yawon hunturu suka fi so, waɗanda abin ya wuce gajartar yini. A Tromso ta arewacin Norwe rana ba ta leƙowa tun daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu, sai dai wani haske kamar na bayan Asuba da yakan bayyana da tsakar rana ya gushe. Shin wanda ya kwana huɗu a can bai ga rana ta fito ko ta faɗi ba, salla ta faɗi a kansa?

Amsar tana cikin hadisin Dujal da Imamu Muslim ya ruwaito daga Nawwasu ɗan Sam'ana. Ma'aikin Allah (S.A.W.) ya ba da labarin cewa a kwanakin Dujal akwai yinin da zai yi tsawon shekara. Sahabbai, maimakon su tsaya mamakin abin, sai suka tambaya ko sallar yini guda za ta wadatar a cikinsa. Ya ce musu a'a, ya umurce su da su ƙaddara lokutan. A kan wannan asali malamai suka gina cewa salloli biyar wajibi ne cikin kowace awa 24, ko an ga alama ko ba a gani ba. Saɓaninsu a kan abin da za a ƙaddara da shi ne kawai. Majalisar manyan malaman Saudiyya a 1398 bayan Hijira, watau 1978, ta ce a bi ƙasa mafi kusa wadda lokuta ke rarrabuwa a cikinta. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a zamanta na 1986, ta kasa ƙasashen arewa kashi uku, ta ce waɗanda suka haura digiri 66 su auna da lokutan da ke kan digiri 45. Waɗansu kuma sun ce a bi lokacin Makka, da wannan ne Musulmin Tromso suka yi aiki a watannin da alamu ke ɓacewa. Baƙon kwana huɗu ba shi ne zai yanke wannan saɓani ba. Ya bi jama'ar masallacin garin, kada abokai huɗu su rabu jadawali huɗu a ɗaki guda.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Ahmadu ɗan Fadlana, wanda Halifa Muƙtadir ya aika daga Bagadaza a 921, ya isa ƙasar Bulgar a bakin kogin Bolga cikin Rasha ta yau a 922, ya tarar dare ya gajarce musu har ana ɗora tukunya da Magariba a yi Asuba ba ta nuna ba, aka kuma shaida masa in hunturu ya zo yini ne ke gajarcewa haka. A kan hanyarsa ya ci hunturu a ƙasar Huwarizma, inda yakan fito daga gidan wanka gemunsa ya daskare sai ya kai shi bakin wuta. Ibn Baɗuɗa ma, wanda ya zo har Takadda kusa da Agadas a 1353 ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa, ya taɓa ratsa waɗancan filaye na arewa cikin hunturu. Ya ba da labarin yana alwala da ruwan zafi a gefen wuta, ruwan yana daskarewa a gemunsa, tufafi kuma sun yi masa yawa har sai abokan tafiya sun ɗora shi bisa doki. Waɗannan bayin Allah ba su da jirgin sama, ba su da ɗaki mai ɗumi, ba su kuwa bar alwala ba.

Alwala, huffi da taimama

Gaskiyar magana, alwala a masaukin baƙi na Oslo ta fi sauƙi bisa alwalar Asuba a Bacirawa, domin ruwan zafi yana cikin famfo dare da rana. Wanda ke cikin irin wannan ɗaki ba shi da hanyar taimama, ko ta alwala ko ta janaba. Wahalar tana ga wanda lokaci ya riske shi a waje, a kan dutse ko a tashar jirgin ƙasa.

Farkon dabara ita ce ya fita da alwala, ya riƙe ta, tun da tazarar Azahar da Magariba kaɗan ce. In ta warware, wanke kowace gaɓa sau ɗaya tare da cuɗawa shi ne farilla, ya isa, kuma babu laifi ya goge da tawul nan take. Ruwan da ya narke daga ƙanƙara ruwa ne mai tsarkakewa, Muhtasar na Shaihu Halilu ya ambace shi tun a farkon babin tsarki.

Sa'an nan ga shafa a kan huffi, babin da ɗalibai ke karantawa cikin Risala ta Ibn Abi Zaid su wuce, sabo da a ƙasar da ake yawo da fade da silifa ba a ganin ranarsa. Mugira ɗan Shu'uba ya ruwaito cewa a tafiyar Tabuka ya sunkuya zai cire wa Annabi (S.A.W.) huffinsa, sai ya hana shi domin ya sa su yana da tsarki, ya yi shafa a kansu. Sharuɗɗan a mazhabar Maliku su ne huffin ya zama na fata mai tsarki, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, ana iya tafiya da shi, kuma an sa shi bayan cikakkiyar alwala ta ruwa. Dogon takalmin fata na sanyi, in ya cika waɗannan, hukuncinsa ke nan, muddin babu najasa a jikinsa kuma za a yi salla da shi. In an cire shi bayan shafa, sai a wanke ƙafa nan da nan. Shafar sama wajibi ce, ta ƙasa mustahabbi. Malikiyya ba su yanka wa shafa wa'adi ba, sai dai an so a cire kowace Juma'a, kuma janaba tana wajabta cirewa. Sauran mazhabobi sun yi aiki da hadisin Sayyidina Aliyu na kwana ɗaya ga mazauni, uku ga matafiyi. Safa ta ulu ko ta auduga kuwa, Malikiyya ba su yarda da shafa a kanta ba sai in an lulluɓe ta da fata, Hanbaliyya sun yarda in mai kauri ce. Mafi kuɓuta ga wanda ya tashi a kan Risala shi ne ya sayi huffin fata mai laushi, irin wanda ake sawa cikin takalmi.

Taimama domin tsoron sanyi tana da asali. A yaƙin Zatus Salasil, shekara ta 8 bayan Hijira, Amru ɗan Asi ya wayi gari da janaba cikin dare mai tsananin ɗari, ya ji tsoron in ya yi wanka zai halaka, sai ya yi taimama ya ja mutanensa salla. Da labari ya kai ga Ma'aiki, Amru ya kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i da ta hana mutum kashe kansa, sai Ma'aiki ya yi dariya bai ce masa kome ba. Abu Dawuda ya ruwaito. Sharaɗi dai shi ne tsoron cuta na gaske, da rashin abin ɗumama ruwa, ba ƙyuya ba. Ana yin ta bayan lokaci ya shiga, a haɗa ta da salla, farilla ɗaya ga kowace taimama. Ba a yin ta a kan katako ko darduma, sabo da haka ɗan dutse a aljihu yana da amfani. Abin sha'awa, Shaihu Halilu, mutumin Masar, ya lissafa ƙanƙara cikin abubuwan da ake taimama a kansu, masu sharhi suka ce wannan ga wanda ya kasa narkar da ita ne. Almajirai nawa suka haddace wannan kalma a zaurukan Kano ba su taɓa ganin abin da take nufi ba!

Kasaru da haɗa salla

Kasaru sunna ce mai ƙarfi ga wanda tafiyarsa ta kai mil 48, wajen kilomita 80, yana farawa in ya wuce gine-ginen garinsu. Amma in ya yi niyyar zaman cikakkun kwanaki huɗu a gari guda, to ya cika salla tun daga isarsa, Juma'a kuma ta hau kansa tare da mutanen garin. Masu hutun mako guda a masauki ɗaya ke nan ba su da kasaru sai a kan hanya. Waɗanda ke kwana biyu nan, biyu can, suna da ita har su koma. Matafiyin da ya bi liman mazauni cikawa zai yi.

A nan akwai wata magana da ta shafi masu hutu musamman. Muhtasar ya fitar da mutum biyu daga sunnar kasaru, mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa. Na farko an hana shi, na biyu an karhanta masa, masu sharhi kuma sukan ba da misali da mai farauta domin nishaɗi kawai. Hutun da aka nufi sararawa da shi, da ziyarar 'yan'uwa, da ganin ikon Allah, yana cikin halal. Wanda aka shirya shi domin gidajen rawa da mashaya, mai shi ya san sunan tafiyarsa tun kafin ya sayi tikiti.

Haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Lisha, rangwame ne ga wanda tafiya ta kama shi a hanya. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun faɗaɗa shi ga matafiyi ko da ya sauka, muddin hukuncin tafiya bai yanke ba, hujjarsu hadisin Mu'azu ɗan Jabal na Tabuka wanda ke cikin Muwaɗɗa. Ga wanda ya riga ya zama mazauni akwai hanyar da babu saɓani a kanta, watau ya yi Azahar a ƙarshen lokacinta, ya ɗan jira, ya yi La'asar a farkon nata, da alwala guda a wuri guda. La'asar da Magariba kuwa ba a haɗa su a kowace mazhaba, a nan ne kuwa mafi yawan masu yawo ke faɗuwa. In dare ya yi tsananin sanyi da iska, babu laifi a bar zuwa masallaci a yi jam'i a masauki, domin Abdullahi ɗan Umar ya yi kiran salla a irin wannan dare ya ce a yi salla a masaukai, ya kuma ce haka Ma'aiki yakan umurci ladaninsa.

Abokan tafiya

Duk waɗannan hukunce-hukunce ba za su amfani mutum ba in abokansa ba masu tsayawa ba ne. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mutum ɗaya cikin huɗu da ke son salla, in mota guda ce kuma sauran suna sauri, kunya takan sa ya yi shiru har rana ta faɗi. Sabo da haka ne hadisin Abu Dawuda ya yi umurni in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Aikin wannan shugaba a hutun hunturu ba wani abu ba ne illa riƙe jadawali, da sanin inda za a tsaya ƙarfe ɗaya da rabi, da raba kuɗin masauki da adalci yadda mai ƙaramin ƙarfi ba zai ci bashi domin ya yi daidai da sauran ba.

A kasuwannin ƙarshen shekara na Turai akan sayar da giya mai ɗumi a kofi, ana cewa maganin sanyi ce, wani abokin ma ya kawo karin maganar nan ta wanda ya je gari ya ga kowa da wutsiya. An riga an yi wannan tambaya tun zamanin Ma'aiki. Dailamul Himyari ya ce masa ƙasarsu mai sanyi ce, suna aiki mai wuya, suna yin wani abin sha da alkama domin ƙarfi da jure ɗari. Ma'aiki ya tambaye shi ko yana bugarwa, ya ce i, sai ya ce su nisance shi. Likitoci ma sun tabbatar giya buɗe hanyoyin jini na fata take yi, mutum ya ji ɗumi a waje alhali zafin cikinsa yana tsiyayewa. Haka ɗakin gumi na mutanen Finlan, wanda sukan shiga ba tufa, bai halatta ba sai da rufe al'aura, ba kuwa a cakuɗe da mata ba. Wajen abinci, kifi yana da yawa a waɗannan ƙasashe, ya wadatar daga shubuhar naman da ba a san asalinsa ba.

Gajeren yinin nan da ke matse salla yana da wata fa'ida. Daga alfijir zuwa faɗuwar rana a Landan cikin Disamba wajen awa 10 ne, a Oslo ƙasa da haka, babu ƙishirwa, babu gumi. Wanda ake bin sa ramuwar Ramalana ya rama a waɗannan kwanaki, azuminsa cikakke ne, domin shari'a ba ta sharɗanta yinin ramuwa ya yi tsawon wanda aka sha ba. Tun da watan azumi yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, a 2030 zai faɗo farkon Janairu, ya sake kamawa a ƙarshen Disamba, daidai lokacin da ake irin wannan hutu. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a garin da ya sauka, azumi ya wajaba a kansa, ya kama baki da alfijir ɗin garin, ya sha ruwa da faɗuwar ranarsa, ko da a Bacirawa ba a daɗe da sallame La'asar ba.